Batirin Iska da Saƙon da Ke Sa Mutane Huda Batirinsu

Wani saƙo da ke yawo a rukunonin WhatsApp na masu gyaran waya da masu amfani da sola yana cewa an ƙirƙiro batirin da ke aiki da iska, ba ya bukatar caji, ya riga ya shiga kasuwa, kuma duk wanda ya huda tsohon batirinsa domin iska ta shiga zai dawo masa da ƙarfinsa. Batirin lithiyam da iska dai akwai shi, domin tun a 1996 masanin nan K. M. Abraham da abokin aikinsa suka nuna samfurinsa mai karɓar caji a Amurka, sannan kamfanin IBM ya buɗe shiri a 2009 da burin samar da motar da za ta yi tafiyar mil 500 da caji ɗaya. Zancen rashin caji ƙarya ce tsagwaronta, haka ma zancen kasuwa, tunda har yau bai bar ɗakin gwaje-gwaje ba.

Maganar hudawa ce mai haɗari, kuma wanda ya soma rubuta ta bai fahimci komai ba game da abin da yake tallatawa. A cikin batirin lithiyam da iska, ƙarfen lithiyam yana haɗuwa da iskar oksijin su samar da wani daskararren sinadari da ke taruwa a ƙananan ƙofofin kabon, caji kuma shi ke warware wannan haɗi ya saki oksijin. Sai dai oksijin kusan kashi 21 cikin ɗari ne kawai na iskar da ake shaƙa, kuma danshin da ke cikinta yana cinye lithiyam, yayin da iskar kabon dayoksaid ke haifar da wani gishiri da ke toshe ƙofofin. Saboda haka gwaje-gwaje da yawa da tsantsar oksijin ake yin su, kuma batirin da zai yi aiki a mota zai iya bukatar matata da na'urar busar da iska da famfo, waɗanda nauyinsu ke rage ribar da ake nema. A 2023 masu bincike na cibiyar Argonne da Cibiyar Fasaha ta Illinois sun ba da rahoton samfurin da ya jure caji sau 1,000 a cikin iska, amma ƙaramin samfuri ne, kuma bai isa hujjar sanya ranar fitowarsa ba.

Batirin lithiyam na waya da na sola kuwa an rufe su ruf da gangan. Ruwan sinadarin da ke cikinsu yana kama wuta, kuma siririn shamaki ne ya raba ɓangarorinsu biyu, wanda idan allura ta keta shi sai wutar ta haɗu, zafi ya tashi cikin daƙiƙoƙi, gobara ta biyo baya tare da hayaƙi mai guba. Ba a ga laifin wanda tsadar batiri da rashin wuta suka sa ya gaskata ba, musamman ganin cewa kumburarren batiri yakan sace idan an huda shi, har ya zama kamar ya warke. Kumburin nan iskar da lalataccen sinadari ya fitar ce, kuma alama ce ta a daina cajin batirin, a cire shi, a ajiye shi nesa da katifa da fetur.