Jam'iyyar Masu Fatsa ta Duniya da Amanar Ma'auni

A ƙasashen Turai, da Amurka, da Japan, da wasu wurare da dama, akwai mutane masu yawa waɗanda su ke kamun kifi domin nishaɗi da gwada gwaninta kaɗai. Ba su jefa birgi, ba su jan taru, ba su kafa mamari. Kayan aikinsu sanda ce guda da igiya da ƙugiya, watau fatsa. Cikinsu akwai attajirai masu jiragen ruwa na kansu, akwai kuma manoma da leburori waɗanda ba su mallaki kome ba sai sandar. Burin mafi yawansu kuwa shi ne a ce su suka kama kifin da ya fi na kowa girma a irinsa. To, daga nan mas'ala ta ke tasowa, gama kifi abu ne mai saurin ruɓewa, sa'an nan sau da yawa a kan kama shi a inda babu idon jama'a. Idan wani mutum a Ostireliya ya ce nasa ya fi na wani a Amurka nauyi, wa zai raba gardama, alhali kuwa an riga an cinye kifayen duka biyu? Domin wannan ne aka kafa jam'iyyar masu fatsa ta duniya, wadda a ke taƙaita sunanta da haruffan IGFA.

Asalinta

Kafin a kafa ta kowace ƙungiyar masu fatsa tana da nata dokoki, abin da ya halatta a wannan gaɓa haramun ne a waccan. Wanda ya tsaya a kan haɗa su wani ɗan kasuwa ne na Amurka, Michael Lerner, wanda gidansu ya yi arziki da kantunan sayar da tufafin mata. Ran 7 ga watan Yuni 1939 aka yi zaman farko a cikin babban gidan ajiyar halittu na birnin Niyok. Shugabanci kuwa ba a ba gwanin fatsa ba, sai aka ba wani shehun malami, Dakta William King Gregory, masanin halittar kifaye. Magatakarda ma masaniyar kifi ce a wannan gida, sunanta Francesca LaMonte. Hikimar yin haka ita ce, kafin a ce kifi ya fi 'yan'uwansa girma, sai an sami wanda zai tabbatar da ko wane iri ne, domin kifaye da yawa suna kama da juna. A 1940 shahararren marubucin nan Ernest Hemingway ya zama ɗaya daga mataimakan shugaba, ya kuwa riƙe matsayin har mutuwarsa a 1961.

Shekaru da yawa daga aljihun Lerner a ke tafiyar da jam'iyyar, kuma a lokacin ƙungiyoyi da gidajen ilmi ne kaɗai su ke shiga cikinta. Amma abin da ya dogara ga aljihun masu hali 'yan kaɗan ba shi da tabbas, saboda haka a farkon shekarun 1970 aka buɗe ƙofa ga ɗaiɗaikun mutane, kowa ya biya kuɗin shekara. Tana da majalisar amintattu masu tsara dokoki, da ma'aikata a babban ofishi, da wakilai a ƙasashe masu yawa waɗanda su ke aikin sa kai ba da albashi ba. Da fari kifayen teku kaɗai ta ke rubutawa. A 1978 wata mujalla ta Amurka mai suna Field & Stream ta miƙa mata littafinta na kifayen koguna da tabkuna, wanda ta yi shekaru fiye da 60 tana riƙe da shi. A 1999 babban ofishin ya koma garin Dania Beach a jihar Fulorida.

Wannan jam'iyya ba ta da 'yan doka, ba ta da kurkuku, ba ta iya cin kowa tara. Iyakar ikonta shi ne ta rubuta sunan mutum cikin littafinta ko ta ƙi. Don haka jarinta duka shi ne yardar da jama'a suka yi wa littafin.

Sharuɗɗan kamu

Sharaɗi na farko shi ne mutum ya kama kifinsa shi kaɗai. Daga sa'ad da kifi ya cafki ƙugiya har a jawo shi kusa, idan wani ya taɓa sanda ko igiya domin taimako, to, kamun ya ɓaci. Ba a harbin kifi da bindiga, ba a jifarsa da mashi. Idan wani kifi ya yagi naman wanda a ke ja kafin a fid da shi, shi ma ba a karɓa, domin rauni ya riga ya rage masa ƙarfi. Igiya kuma aji-aji ce bisa ga nauyin da ta ke ɗauka kafin ta tsinke, tun daga mai ɗaukar kilo 1 har mai ɗaukar kilo 60, kowane aji da nasa babi a littafi. Wajibi ne mai neman a rubuta shi ya yanko wani sashe na igiyar da ya yi aiki da ita ya aika ofishi, can a ɗaura ta a na'ura a ja har ta tsinke. In ta fi ƙarfin da ya faɗa, ba za a sa shi a ajin da ya nema ba.

Bisa irin waɗannan sharuɗɗa ne aka rubuta Alfred Glassell, wanda a 1953 ya kama wani kifin teku mai dogon baki kamar mashi, wanda a ke kira malin, a gaɓar ƙasar Feru, nauyinsa laba 1,560. Giwan ruwa ma, wanda a ke fid da irinsa a bikin su na Argungu, yana da babinsa: a shekarar 2000 aka rubuta wani mai laba 230, watau kilo 104, daga Tabkin Nasir na ƙasar Masar.

Hukuncin ma'auni

Fatake da 'yan awo za su gane wannan fasali da sauri. Ba a karɓar kintace. Ba a auna kifi a cikin jirgi bisa ruwa, domin motsin ruwa ya kan sa allurar sikeli ta yi rawa, sai an fito tudu. Sikelin kuma tilas ya zama wanda hukuma ko wasu masana amintattu suka gwada ingancinsa cikin watanni 12 da suka wuce. A kan fid da nauyin igiya ko abin da aka rataye kifin da shi, kamar yadda a ke fid da nauyin buhu. Idan allura ta tsaya tsakanin zane biyu, na ƙasa a ke ɗauka. Bayan haka sai shaidu su sa hannu, a ɗauki hoton kifin da na sanda da na sikeli, mai kamu kuma ya cika takardar rantsuwa. Akwai kuma wa'adin kwanaki da a ke ba mai kamu ya aika da takardunsa a ciki.

Akwai kuma wata ƙa'ida mai kyau. Ba a ture sunan wanda ya riga da ɗan bambanci ƙanƙane wanda zai yiwu kuskuren sikeli ne. Idan kifi bai kai laba 25 ba, sai sabon ya fi tsohon da oza 2 ko fiye. Idan ya kai haka ko ya wuce, sai ya fi shi da rabin kashi ɗaya cikin ɗari.

An ga aikin wannan ƙa'ida a kan wani kifin tabki da a ke kira bas mai babban baki, wanda mutanen Amurka su ke ji da shi ƙwarai. A watan Yuni 1932 wani saurayi manomi, George Perry, ya kama guda a jihar Jojiya, aka auna a gidan waya ya yi laba 22 da oza 4, sa'an nan ya kai gida aka dafa aka ci, gama zamanin matsi ne. Shekara 77 ba wanda ya kamo shi. Sai a watan Yuli 2009 wani mutumin Japan, Manabu Kurita, ya kama nasa a Tabkin Biwa, ya ɗara na Perry da kusan oza 1. Jam'iyya ta yi wata shida tana bincike, har aka gwada Kurita da na'urar gane ƙarya, ya kuwa tsallake. A watan Janairu 2010 aka yanke hukunci cewa tun da bambancin bai kai oza 2 ba, an yi kunnen doki, sunayen biyu za su zauna tare.

Gardama a kan kisa

Kifin da ya fi kowane nauyi a littafin shi ne wani farin kifin shak mai laba 2,664, wanda Alfred Dean ya kama a kudancin Ostireliya a 1959. Da wuya wani ya sāke kamo shi, domin ya ɗana ƙugiyarsa da naman wata dabbar ruwa mai shayarwa, abin da dokokin jam'iyya suka hana daga baya, kuma hukumar Ostireliya ta hana kashe irin wannan kifi. Wannan ya nuna wata wahala da ta ke cikin aikin. Auna babban kifi a tudu kusan kullum yana nufin kashe shi, a iri da yawa kuwa mafi girma mata ne masu ɗauke da ƙwai mai yawa. Saboda haka a 2011 jam'iyya ta buɗe sabon babi na tsawo, inda a ke shimfiɗa kifi bisa magwajin jam'iyya, a ɗauki hotonsa, a mayar da shi ruwa da ransa. Ta kuma goyi bayan dokar da Amurka ta kafa a 2012 ta hana sayar da kifin malin da danginsa a mafi yawan ƙasar. Duk da haka a 2014 wasu masana sun yi kira gare ta ta daina rubuta nauyin irin kifayen da a ke tsoron ƙarewarsu. Shugabanninta suna tsakanin masu biyan kuɗin shekara, waɗanda su ke son sunansu a littafi, da masana, waɗanda su ke duban abin da zai saura a ruwa.

Shari'ar David Hayes

Shaida ma tana da nata haɗari. A watan Yuli 1955 wani mutum mai suna David Hayes ya kama bas mai ƙaramin baki a Tabkin Dale Hollow, kan iyakar jihohin Kentaki da Tenesi, aka auna ya yi laba 11 da oza 15, aka rubuta shi na ɗaya a duniya. Ashe a wannan shekara wani mai aiki a bakin tabkin ya rubuta takardar rantsuwa cewa shi da hannunsa ya cusa darma da ƙarafa kimanin laba 3 cikin kifin kafin a auna. Takardar ta kwanta a wani ofishin hukuma shekara 40 ba wanda ya kula. Da ta fito fili, a 1996 aka share sunan Hayes daga littafi, ya zama abin nuni bayan ya tsufa.

Sai wani jami'in hukumar kula da namun daji ta jihar Tenesi ya sāke bin sawun maganar. Ya nemi waɗanda su ke da rai cikin mutanen da suka ga kifin, ya duba tsawonsa, inci 27, da kaurinsa, ya ga sun dace da nauyin da aka rubuta. Ya kuma gano cewa an riga an ɗora kifin a wani sikeli a wata mashiga dabam kafin ya iso hannun mai rantsuwar, can ma ya yi kusan laba 12. Da hujjoji suka taru, a 2005 jam'iyya ta soke hukuncinta na farko, ta mayar wa Hayes matsayinsa yana da rai.

Jam'iyyar ta sha suka a kan wannan al'amari, gama ta karɓi shaidar mutum guda a kan wanda ya yi shekara 40 ba a tuhume shi ba, sa'an nan ta bar shi shekara 9 cikin zargi. Amma da ta ƙi gyarawa domin tsoron kunya, da ta yi hasarar abin da ya fi sunan mutum ɗaya, watau yardar masu fatsa na ƙasashe dabam-dabam, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba, amma kowannensu ya kan buɗe littafi guda ya gaskata abin da ya gani a ciki. Tamat.