Ƙofar da Mai Gyara Ya Bari a Buɗe

Daga Bagudo zuwa Birnin Kebbi tafiya ce mai cin kuɗin mota, balle daga Tsamiya ko Lolo. Shi ya sa mai shagon kwamfuta, ko mai sayar da intanet a unguwa, ko ɗan kasuwar da ya kafa kyamarori a sito, kan yi murna idan injiniya ya ce masa, "Alhaji, ba sai na zo ba, daga nan ma zan shiga in gyara." Gaskiya ya faɗa. Sai dai da wuya a tambaye shi ta ina yake shiga, kuma wa ke rufewa bayan ya fita.

Kowace na'ura da ke kan intanet tana da ƙofofi masu lamba, har 65,535. Mutumin kan iyaka ba ya bukatar dogon bayani: a Tsamiya akwai shinge da kwastan da jami'an shige da fice, amma kowa ya san akwai ɓarauniyar hanya zuwa Segbana, a tsallaken iyaka, da babu mai tambayar kowa takarda. Ƙofar da aka buɗe wa mai gyara aka manta da ita, irin wannan hanyar ce.

Lambobin kuwa sanannu ne. Windows na karɓar mai shigowa daga nesa ta 3389, VNC ta 5900, SSH ta 22. Tsohuwar Telnet tana kan 23, ita ko kalmar sirri ba ta ɓoyewa, a fili take aika ta. Rautar MikroTik, wadda masu raba intanet ke ji da ita, ana sarrafa ta ta 8291. Na'urar kyamarorin Hikvision ta 8000, ta Dahua kuma 37777.

Wani zai ce, "Wa ya san da zamana a Kaoje?" Ai ɓarawon bai damu da sunan garin ba. Manhaja yake saki tana ƙwanƙwasa adireshin duniya ɗaya bayan ɗaya, dare da rana, tana gwada "admin" da "12345". A 2016 muguwar manhajar Mirai ta bi ta ƙofa 23 ta kame dubun dubatar kyamarori da rautoci da ba a canza musu kalmar sirrin kamfani ba. A 2018 wata ɓaraka a ƙofa 8291 ta sa aka mamaye rautocin MikroTik sama da 200,000, akasari a Brazil. A Mayun 2019 kuma Microsoft ya ga hatsarin ɓarakar BlueKeep a 3389 ya kai, har ya fitar wa Windows XP gyara, alhali ya daina kula da ita tun 2014. Irin waɗannan tsofaffin kwamfutoci na hannu su ne cike da shagunanmu.

Akwai ɗan sauƙi: mai amfani da layin waya yawanci yana raba adireshi ɗaya da jama'a da yawa, don haka ƙofarsa ba ta fiye fitowa fili ba sai an nemi hakan. Amma kada a saki jiki, domin manhajojin shiga daga nesa irin TeamViewer da AnyDesk ba sa jiran a ƙwanƙwasa. Daga ciki suke fita: TeamViewer ta 5938, in ta same ta a toshe ta koma 443, inda shafukan intanet ke bi. A ganina nan ne hatsarin ya fi kusa da mu. Sai a kira mai POS ko ɗan canjin sefa da naira, a ce daga banki ne, asusunsa ya samu matsala, ya sauke wata manhaja ya karanto lambar da ta fito. Yana karantowa ya danna amincewa, allon wayarsa ya koma idon wani, har lambar sirrin da banki ke turowa. Banki ba ya neman haka.

Mai na'ura ya zaunar da injiniyansa ya rubuta masa ƙofofin da ke buɗe da dalilin kowace. A rufe 23 kwata-kwata, 3389 da 8291 kuma a bi da su ta tsararriyar hanyar nan ta VPN, a canza kalmar sirrin kamfani, a sabunta manhajar rauta. A cikin AnyDesk akwai wurin da ke ba mutum damar shiga ko mai kwamfuta ba ya nan. A duba ko a kunne yake. Ranar da yaron shago ya bar aiki, ko aka ɓata da injiniya kan cikon kuɗi, a ranar ake canza kalmar sirri.