Tsayuwar Mai Rawa Da Ta Mai Tulu

'Yan'uwana mata, a ƙasashen Turai akwai wata rawa da a ke kira bale. Sarkin Faransa Luwi na 14 ya kafa mata makaranta a Faris cikin 1661, shi kansa ma gwaninta ne. Yarinya ta kan shekara da shekaru ana gyara mata tsayuwa: wuya a miƙe, kafaɗu a sake, ciki a ɗame, kunne da kafaɗa da ƙugu duk bisa layi ɗaya.

To, ku dubi 'yar Damari ta ɗauko ruwa daga rijiya, ko 'yar Fulani da ƙwaryar nono a hanyar Sabuwa. Ashe ba tsayuwar ke nan ba? Tulu ne malaminsu, ba ya kuwa sassauci. Ki ranƙwafa kaɗan, ya yi miki wanka.

'Yan makaranta su ne su ka dame ni. Ku kan wuni duƙe bisa tebur, da dare kuma bisa waya. Kan babban mutum ya kai wajen kilo 5. In ya rinjaya gaba, wuya da baya ke shan wahala.

Kowace safiya ki jingina da bango, ƙeya da kafaɗu da mazaunai su taɓa shi. Sa'an nan ki ɗora littafi a ka, ba gammo, ki tafi zaure ki komo.

Ku kuma iyaye, jarka mai lita 25 kilo 25 ce. Wannan ba ta miƙar da ƙaramar yarinya, danne mata wuya ta ke yi. A rage mata ruwan.