Bango Ɗaya, Kwafi Dubu: Nazari Kan Hoton Gama-gari a Cinikin Mujallun Zane

A watan Agustan 2014 aka sayar da kwafi ɗaya na fitowar farko ta mujallar Action Comics a shafin eBay kan dala miliyan 3.2. Mujallar ta fito ne a Amurka a 1938, ana sayar da ita santi 10, kuma a cikinta ne Superman ya fara bayyana. A watan Afrilun 2024 kamfanin gwanjo na Heritage ya sayar da wani kwafin nata kan dala miliyan 6. Labarin da ke ciki an sha sake buga shi, mai son karantawa zai same shi da 'yan kuɗi kaɗan. Abin da masu tara mujallun zane ke zuba wa dukiya shi ne takardar kanta: wannan kwafin, da yadda ya tsira daga danshi da rana da hannun yara na tsawon shekaru. A kasuwar da lafiyar takarda ita ce farashi, abin mamaki ne a ce dubban tallace-tallace a intanet na ɗauke da hoton da ba na kwafin da za a aiko wa mai saye ba.

Hoton gama-gari shi ne hoton bangon mujalla da kamfanin ɗab'i ya fitar don talla, ko wanda mai sayarwa ya kwafo daga wani kundi na intanet, ko wanda ya taɓa ɗauka na wani kwafi can baya yake ta maimaita shi. Tsaf yake, launinsa ras, babu lanƙwasa babu tabo. Wani lokaci a ƙasansa akan rubuta da ƙananan haruffa cewa hoton misali ne kawai, wani lokaci kuma ko wannan ba a yi.

Dalili na farko da ya sa al'adar ta yaɗu lissafi ne, kuma lissafin gaskiya ne. Sabuwar mujallar kamfanin ɗab'i na Marvel ko na DC a yau tana kaiwa dala 4 zuwa 5, tsofaffin da ba su da wata daraja kuwa akan zube su a akwati kan dala ɗaya. A ce ɗan kasuwa yana da kwafi 50,000 a sito, kuma ɗaukar hoton gaba da baya, da loda shi, da tabbatar da cewa hoton ya dace da kwafin da ke kan kanta, yana cin minti 3. Wannan awa 2,500 ke nan na aikin ma'aikaci, kafin a sayar da ko guda. Ga kason da eBay ke cira, wanda ya haura kashi 10 cikin 100, ga kuɗin leda da kwali da ambulan. A kan mujallar dala 2, ribar ba ta kai ta biya mai riƙe da kyamara ba. Manyan dillalai irin su Mile High Comics na birnin Denver suna da kwafi miliyoyi, kuma babu wanda zai ce da gaske a ɗauki hoton kowanne ɗaya bayan ɗaya.

Yawan kwafin ma yana da tarihi. A farkon shekarun 1990 mutane suka ɗauka kowace sabuwar mujalla jari ce, suka riƙa saye biyar-biyar, goma-goma suna ɓoyewa. Fitowar farko ta X-Men ta 1991, wadda Jim Lee ya zana, ta sayar da sama da kwafi miliyan 8. Kasuwar ta rushe bayan 'yan shekaru, har Marvel ta nemi kariyar kotu saboda bashi a watan Disamban 1996. Waɗannan tarin mujallu suna nan har yau a ɗakunan ajiya, mafi yawansu cikin leda, kusan duk kamarsu ɗaya. Mai kwafi 40 na fitowa guda zai ga cewa hoto ɗaya ya wadatar, ya rubuta adadin da ke hannunsa, duk wanda ya biya a zaro masa ɗaya.

Akwai kuma inda babu makawa. Shagunan mujallu a Amurka suna yin odar sabbin fitowa makonni kafin a buga su, masu karatu kuma suna biya tun kafin kaya ya iso. Abin da ba a buga ba tukuna ba shi da hoto sai zanen bangon da kamfani ya raba. Wanda ya yi ƙorafi a kan wannan ya rasa abin ƙorafi ne.

Matsalar tana farawa ne daga lokacin da mai talla ya ambaci darajar kwafin. Tun 1970, da Robert Overstreet ya fara fitar da kundin farashin mujallun zane, kasuwar ta saba da jera kwafi hawa-hawa gwargwadon lafiyarsa. A shekarar 2000 kamfanin CGC na jihar Fulorida ya fara aikin auna mujallu: a aika masa, ƙwararru su duba, su ba da maki daga 0.5 zuwa 10, su rufe mujallar cikin akwatin roba mai lamba. Daga nan bambancin da ido ba ya saurin kamawa ya zama kuɗi. Tsakanin maki 9.8 da 9.4 bai wuce 'yan ƙananan karce a gefen naɗi ba, ko kusurwa ɗaya da ta dakushe, amma a mujallar da ake nema, farashin na farkon kan ninka na biyun. Sauran abubuwan da ake dubawa sun haɗa da tsatsa a ƙarafan da ke riƙe da shafuka, da launin takardar ciki, ko fara ce ko ta fara ja, da ko wani ya bi gurbin da ya goge da alƙalami don ya rufe shi, da ko an datse gefe da reza don ya yi kaifi. Hoton gama-gari ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mai saye yana kallon bango mara aibi, ya karanta cewa kwafin kamar sabo ne, ƙwaƙwalwarsa ta haɗa biyun. Cinikin biri a sama ke nan, sai dai a nan har hoton wani birin aka nuna masa.

Abin da ya fi damuna shi ne cewa hoton gama-gari yakan ɓoye ainihin wace mujalla ce ake sayarwa, ba lafiyarta kaɗai ba. Fitowar farko ta Star Wars ta 1977 misali ce mai kyau. Yawancin kwafinta an buga su da farashin santi 30. Marvel ta buga 'yan kaɗan da santi 35 don gwada ƙarin farashi a wasu garuruwa, kuma waɗannan a yau sun ninka na santi 30 sau da yawa. Bayan haka an sake buga mujallar sau da dama, wasu daga cikin sabbin bugun su ma da santi 35 a jiki. Zanen bangon duk ɗaya ne. Bambancin yana cikin ɗan akwatin farashi a kusurwar sama da layukan lambar kaya a ƙasa. Haka nan daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa gaba, mujalla ɗaya takan fito iri biyu, ta masu sayar da jarida da ta shagunan mujallu, kuma masu tarawa suna bambanta farashinsu. A 'yan shekarun nan kuma Marvel da DC suna sake buga tsofaffin fitattun fitowa da kamanninsu na asali, har da tallace-tallacen da ke ciki. Bugu ne na halal, ana sayar da shi a fili kan 'yan daloli. Amma idan aka ɗora hoton bangon asali a kan tallan irin wannan bugu, sabon shiga zai ɗauka ya tsinci dami a kala.

Fitowa ta 181 ta The Incredible Hulk, ta 1974, inda Wolverine ya fara fitowa sosai, tana da wani ɗan tambari a ciki da Marvel ta ce yara su yanka su tara. Yara da yawa sun yanka. Kwafin da aka yanke wa tambarin farashinsa ya faɗi ƙwarai, alhali daga waje ba a gane komai. A nan ko hoton bango na gaskiya bai isa ba, sai an buɗe shafin an nuna.

Wa ke ɗaukar asarar? Da farko mai saye ne, musamman wanda ke nesa. eBay tana da tsarin mayar da kuɗi idan kaya ya saɓa wa bayaninsa, kuma dokarta ta hotuna ta hana amfani da hoton gama-gari a kan kayan da aka yi amfani da su ko masu lahani, duk da cewa wanda ya leƙa kasuwar zai ga tallace-tallacen da ba su bi wannan ba. Sai dai mayar da kaya yana da sauƙi ne ga wanda ke cikin Amurka. Mai saye daga Turai ko Afirka, wanda ya riga ya biya kuɗin jirgi da na kwastan, sau da yawa zai gwammace ya haƙura da mujalla mai lanƙwasa a kan ya sake shiga wahalar mayarwa. Kuma idan babu hoton kwafin tun farko, gardama ta zama maganar wani a kan maganar wani: ya za a gane ko lanƙwasar a hanya ta faru ko daga shago ta taso?

Wannan rashin shaida yana cizon mai sayarwa shi ma, abin da masu kare hoton gama-gari ba su cika lura da shi ba. Akwai masu saye marasa tsoron Allah da za su karɓi kwafi mai kyau, su mayar da nasu tsoho mai lahani, su ce abin da aka aiko musu ke nan. Ɗan kasuwar da ya ɗauki hoton gaba da baya da kusurwa huɗu yana da abin nunawa. Wanda ya kwafo hoto daga kundi ba shi da bakin magana.

Asarar da ta fi girma kuwa ta kasuwar ce baki ɗaya. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayanin wannan tun 1970, da misalin kasuwar tsofaffin motoci, kuma aikin na cikin abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2001. Idan mai saye ba ya iya bambanta mai kyau da mara kyau, ba zai biya farashin mai kyau ba, zai biya na tsaka-tsaki don ya kare kansa. Mai kaya mai kyau ya ga ba a ba shi haƙƙinsa, sai ya janye. Abin da ya rage a fili sai na baya-baya. Haka take faruwa da mujallu. Gogaggun masu tarawa suna tsallake duk tallan da ba shi da hoton gaske, ko su yi tayi ƙasa-ƙasa. Mai kwafi mai kyau sai ya aika shi a auna a rufe a roba, ya biya kuɗin aunawa, ya jira makonni ko watanni, sannan ya ɗora kuɗin a kan farashi. Wani ɓangare na bunƙasar kamfanonin aunawa, CGC da CBCS da ya zo a 2014, daga wannan rashin yarda ya samo asali. Mujallar da aka rufe a roba kuwa ba a ƙara buɗe ta a karanta, kuma wannan abin takaici ne ga duk wanda ya shigo harkar saboda son labari da zane.

Akwatin robar ma bai kashe maganar hoto ba. Kwafi biyu masu maki 9.8 ba lallai su yi kama ba: wani bangonsa ya zauna daidai, wani ya ɗan karkace tun daga injin ɗab'i. A ƙarshen 2023 kuma masu tarawa suka gano cewa ana buɗe akwatunan CGC ana musanya mujallar ciki da wadda ba ta kai ta ba, kamfanin ya tabbatar da faruwar hakan. Abin da ya tona asirin shi ne kwatanta tsofaffin hotunan talla da sababbi na akwati mai lamba ɗaya. Da a ce hoton gama-gari ne a kan waɗannan tallace-tallacen, da babu abin kwatantawa.

Kasuwar ta fara nema wa kanta mafita. Manhajoji irin su Whatnot, da aka kafa a 2019, suna ba mai sayarwa damar ɗaga mujalla a gaban kyamara kai-tsaye, ya juya ta, masu kallo su yi tayi. Wannan ya rage wahalar ɗaukar hoto, ko da yake gaggawar gwanjon daƙiƙa talatin tana da nata haɗarin, domin hasken fitila da saurin hannu suna ɓoye karce kamar yadda hoton aro ke yi. Wasu dillalai kuma sun raba kayansu gida biyu: masu arha da hoton gama-gari da sanarwa a fili, masu tsada da hoton kowane kwafi.

Wannan rabon shi ne daidai, amma a ganina farashi kaɗai bai isa ya zama ma'auni ba, domin mujallar dala 3 a yau tana iya zama ta dala 50 gobe idan aka sanar da fim a kan jaruminta, kamar yadda aka sha gani a hauhawar farashin mujallu ta 2020 da 2021. Ma'aunin da ya fi adalci shi ne abin da mai talla ya yi alkawari. Idan mujallar ba ta fito ba, ko sabuwa ce daga kwali, ko an ce kwafin karatu ne ba tare da an yi masa kirari ba, hoton gama-gari ya halatta, muddin an faɗa a layin farko na tallan, ba a can ƙasa ba. Amma duk wanda ya rubuta maki, ko ya ce bugun farko ne, ko ya ce komai na ciki cikakke ne, to ya ɗauki nauyin nuna gaba da baya da gefen naɗi da shafin da ke ɗauke da shekarar bugu. Mai saye da bai ga waɗannan ba ya nemi a turo masa su kafin ya biya, idan aka ƙi ya bar cinikin.