Kitsen da ke cinye rigar jijiyoyin jariri

Jariri ne lafiyayye, yana shan nono, yana murmushi. Da ya kai wata huɗu ko biyar sai ya shiga kuka ba ƙaƙƙautawa, ko ƙarar rufe ƙofa ta firgita shi. Jiki ya sandare, hannu ya dunƙule, zazzaɓi ya riƙa zuwa babu dalili. Daga baya gani da ji su tafi. Akasarin irin waɗannan yara ba sa wuce shekara biyu. Wani likitan ƙasar Denmak, Knud Krabbe, shi ya fara bayyana cutar a 1916, kuma da sunansa ake kiranta.

Jijiyoyin da ke kai saƙon ƙwaƙwalwa suna da riga ta kitse, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. Jiki yana da wani sinadari mai suna GALC da ke narkar da tarkacen wannan kitse. Yaron da aka haifa babu shi, sai wani nau'in kitse da ake kira saikosin ya taru masa. A jikin mai lafiya ɗan mitsitsi ne, amma in ya yi yawa guba ne: yana kashe ƙwayoyin da ke saƙa rigar tun suna cikin aiki. Masana biyu 'yan Japan, Miyatake da Suzuki, su suka fara ɗora masa laifin a 1972, bincike kuma ya gaskata su.

Gadon cutar ake yi kamar sikila. In uwa da uba duk suna ɗauke da ita, kowane ciki yana da kasadar ɗaya cikin huɗu, auren zumunci kuwa yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da ita. A Turai da Amurka tana kama kusan jariri ɗaya cikin 100,000.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙurewar lokaci. Dashen ƙwayoyin jinin cibiya yana rage mata kaifi, amma sai in an yi shi cikin watan farko, tun kafin alamu su bayyana. Shi ya sa jihar Niyok da ke Amurka ta fara gwada jarirai tun 2006.

Ma'auratan da suka rasa yara fiye da ɗaya da irin waɗannan alamu, don Allah su garzaya asibitin koyarwa a duba su kafin ciki na gaba.