Bataliya ta 369: Tsoffin sojojin da suka ƙi yarda a manta da su

A shekarar 1953 wasu baƙaƙen fata tsoffin sojoji suka taru a birnin New York suka kafa Ƙungiyar Tsoffin Sojojin Bataliya ta 369. Mai karatu zai yi mamakin yadda aka ɗauki shekaru 35 bayan yaƙin da dakarun bataliyar suka yi a 1918 kafin a kafa wannan ƙungiya. Dalilin yana cikin irin tarbar da ƙasarsu ta yi musu.

Asalin bataliyar rundunar tsaron jihar New York ce ta baƙar fata, wadda aka ɗebi yawancin dakarunta daga unguwar Harlem. Da aka kai su Turai, sai aka sa su sauke kaya a tashar jiragen ruwa, domin hukumomin soja ba su son su yi kafaɗa da kafaɗa da fararen fata a fagen daga. Daga bisani aka ba da aron su ga sojojin Faransa, suka sanya hular kwanon Faransa, suka riƙe bindigarta, suka kwashe kwanaki 191 a bakin daga. Ko sunayensu ma abin dubawa ne ga mai nazarin harshe: su da kansu suna kiran kansu da sunan wani maciji mai ƙararrawa a wutsiya, amma laƙabin da duniya ta riƙe shi ne Harlem Hellfighters, wato mayaƙan da ba su tsoron wuta.

A watan Mayun 1918 Henry Johnson, ɗan dako a tashar jirgin ƙasa ta Albany, ya kori ayarin Jamusawa da suka kai musu farmaki cikin dare, har da wuƙa ya yi faɗa bayan bindigarsa ta ƙi tashi. Faransa ta ba shi lambarta ta bajinta. Amurka kuwa ta yi shiru, ya rasu a 1929 cikin talauci.

Babbar ƙungiyar tsoffin sojoji da aka kafa a 1919 ta bar wa rassanta na jihohi ikon karɓar baƙar fata ko ƙin su, don haka aka ware su gefe guda. Shugaba Truman ya ba da umarnin soke wariya a aikin soja a 1948, amma sai 1954 aka rushe rundunonin baƙar fata na ƙarshe. A ganina, wannan ne ya sa lokacin kafa ƙungiyar ya dace: rundunonin da aka ware suna gab da gushewa, kuma da sun gushe babu mai riƙe tarihinsu.

Aikin ya yi tasiri. Reshenta na Albany ya yi shekaru yana fafutukar neman haƙƙin Johnson, har Shugaba Obama ya ba shi lambar girmamawa mafi daraja ta soja a 2015, shekaru 86 bayan rasuwarsa. A 2021 majalisar dokoki ta amince da lambar zinariya ga bataliyar baki ɗaya. A 2023 aka cire sunan Polk, janar na ɓangaren masu bayi a yaƙin basasa, daga wani barikin Louisiana aka sa na Johnson. A 2025 aka mayar da sunan Polk, aka ce wai wani Polk ɗin daban ake nufi.