Gargaɗi: Kada a Sayar da Gidajen Tarihinmu Muna Barci

Jama'a, a farka! Duk lokacin da kasafin kuɗi ya yi giɓi, idon gwamnati kan koma kan tsofaffin gidajenta. Sai ka ji an ce gidan ya tsufa, gyaransa na cin kuɗi, gara a sayar. Kafin labari ya iso gare ku, an buga ƙararrawar gwanjo.

Mun taɓa gani. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta fito da tsarin biyan ma'aikata kuɗi a madadin gida da mota. Aka sayar da gidajen 'yan majalisa na Apo a Abuja. Daga baya har gidan Shugaban Majalisar Dattawa da na Kakakin Majalisar Wakilai suka tafi. Me ya biyo baya? Aka dawo ana ware kuɗi don gina sababbi. Ina ribar? A 2017 Jihar Kaduna ta sa kusan gidaje 2,000 a kasuwa. Wa ya tantance wanne ne ke ɗauke da tarihi?

Kuɗin gida sau ɗaya ake karɓa. Albashin 'yan watanni ya lashe shi, giɓin ya dawo baɗi. Manomin da ya cinye irinsa da rani, me zai shuka da damina?

Ku zaga Nasarawa a Kano, ko Unguwar Rimi a Kaduna. Ku duba da idonku. Gida mai faffaɗan fili da manyan itatuwa, yau an kewaye shi da kwano. Gobe katafila ta shiga. Jibi an yanka filin gida-gida, ko plaza ta tashi. Mai saye ba bango yake so ba, ƙasar yake so.

Kada ku ce doka za ta tsare. Ilojo Bar a Legas, gidan iyali ne da aka ayyana cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. A Satumbar 2016, jajibirin Babbar Sallah, aka rushe shi. Takarda ba ta tare katafila ba.

Gidan Sardauna, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966, ya tsira ne don an mai da shi Gidan Arewa, cibiyar bincike ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Gidan Ɗan Hausa na Kano ma yana tsaye. Sauran fa? Gidajen razdan da na di'o a garuruwanku, wa ke gadinsu? Suna hannun gwamnati har yanzu? Kun tabbata?

Kada ku jira sanarwa a jarida, lokacin an gama ciniki. Ku je wurin ɗan majalisar jiharku a makon nan. Ku nemi jerin gidajen da ake shirin sayarwa, da farashi, da sunan mai saye. Masarautu, malaman tarihi, 'yan jarida, ku yi magana yanzu! Ku rubuta wa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Ku ɗauki hoton kowane gida. In kun ga an fara kafa kwano, ku kira gidan rediyo a ranar, kada ku bari a kwana.